Roka a Teburin Yanka

Maman Auta ta turo ƙofar ɗakin ɗinki da gwiwar hannu, rungume da yadin wata mata da ta yi wa alkawarin jibi, sai ta tarar an lulluɓe teburin yankanta da tsofaffin jaridu. A tsakiyar teburin wani bututun kwali ne a tsaye, tsawonsa ya kai kamu biyu, an manna masa fukafukai uku na siririn katako an kafe su da allurai. Ta matsa ta duba da kyau. Alluranta ne masu jan kai, waɗanda ta kwana biyu tana nema har ta fara zargin ƙwaƙwalwarta.

"Kar ki taɓa," in ji maigidanta daga bakin taga. "Gam ɗin bai kama ba."

"To ni a ina zan yi yanka? A kan cinyata?"

"Awa biyu kawai nake roƙo."

"Baban yara, yau sati uku kenan kana roƙon awa biyun nan."

Ya sunkuya ya rufe ido ɗaya yana duba ko fiffiken ya miƙe, yadda ya shekara talatin da biyar yana yi wa ƙofofin motocin mutane a gareji. Mai-Fenti ake kiransa a unguwa, kuma sunan bai sake shi ba har bayan da likita ya dubi hoton ƙirjinsa ya ce ya ajiye aikin in yana son ganin jikokinsa. Ya ajiye. Wata biyu ya yi a tsakar gida yana koya mata yadda ake shanya, ita da ta fi shekara talatin tana shanya, sannan wata safiya ya taka kujera ya sauko da wani kwali daga saman kabad.

Ta san kwalin tun tana amarya. Gida huɗu suka canja, kuma kowane tashi shi yake fara ɗauka, ita da yara sai daga baya. A jikinsa akwai hoton roka ja da fari tana keta gajimare, duk ya koɗe. Da albashinsa na farko ya saye ta a wani kantin kayan wasa da ke shirin rufewa, lokacin yana saurayin da aka cire daga makaranta aka kai gareji, yana kuma ganin wata rana shi zai ƙera jirgin sama. Rokar ta wasa ce amma tana tashi: in an haɗa ta daidai aka sa mata ɗan injinta, sai ta yi sama ta sauko da laima. Shekara arba'in bai buɗe kwalin ba, wai yana jiran natsuwa. Manyan 'ya'yansa biyu suka girma suka yi nisa, babu wanda ya taɓa tambayar me ke ciki.

Sai Auta, 'yar shekara goma sha shida, wadda tun da ta faɗi jarrabawar lissafi bara ba a jin bakinta a gidan sai e da a'a. Ranar da aka buɗe kwalin ta leƙo, ta ɗan tsaya, ta jawo kujera. Tun daga nan tana dawowa daga makaranta sai ɗakin ɗinki. Ita ke riƙe masa fiffike har gam ya kama, ita ke wanke burushi da tina, ruwan nan mai kaifin wari da ake tsinka fenti da shi. Uban ya raɗa mata suna Injiniya, yana faɗa yana nanatawa har maƙwabta suka ɗauka.

Maman Auta ta yi murna, gaskiya, ta kwana uku tana yi. Daga nan hankalinta ya fara tashi. Yarinyar ta rame, idonta kullum ja, gefen hancinta ya feso da ƙuraje, ga dariya babu dalili, ga barcin rana kamar wadda ta yi dako. Ga kuma warin tina da ba ya barin jikinta ko ta yi wanka. In uwar ta yi magana sai maigidan ya ce wane wari? Shi kam ba ƙarya yake ba. Fenti ya kashe masa hanci tuntuni, ko tukunya ce ta ƙone a gabansa sai ya ga hayaƙi yake sani.

* * *

Ranar Laraba da yamma Maman Auta ta zaga bayan gida kwaso shanya, sai ta ji motsi a bayan tankin ruwa. Auta ce a tsugune da kayan makaranta a jikinta, ta cusa hanci da baki a cikin ledar burodi. A cikin ledar akwai ƙyalle, kuma Maman Auta ta gane shi: ragowar yadin matar nan ne, mai shuɗin fure.

Sau biyu ta kira ta kafin ta ɗago. Da ta ɗago ɗin, murmushi ta yi wa uwarta irin wanda ake yi wa baƙo a hanya.

Maman Auta ta yi kanta. Ta fizge ledar, warin tina ya doki ƙwaƙwalwarta har sai da ta kau da kai. Ta ja yarinyar zuwa ɗaki, ta wanke mata fuska, ta zauna a bakin gado tana jira har idon ya dawo daidai.

"Tun yaushe?"

"Mama, ba wani abu ba ne."

"Tun yaushe na ce."

"Tun bara. A makaranta."

"Wa ya koya miki?"

"Da yawa suna yi. A bayan ɗakin gwaje-gwaje. A shagon kayan gini na bakin titi ake saye, a 'yar kwalba." Ta share hanci da bayan hannu. "Yana sa kai ya yi shiru."

"Rokar fa? Duk zaman nan da kike yi da babanki?"

Auta ta dubi ƙasa. "Tinarsa ta fi ƙarfi. Kuma ba sai na saya ba." Sai ta kama hannun uwar. "Amma ina son zaman ma, Mama, wallahi ina so. Don Allah kar ki gaya masa."

Washegari da safe Maman Auta ta tafi shagon. Ga su nan jere a ƙasan kanta, kwalabe ƙanana kamar na maganin tari, kusa da ƙusoshi. Ta ɗaga ɗaya ta tambayi mai shagon wane mai fenti ne yake aiki da cokali biyu na tina.

"Uwar gida, ni kayan aiki nake sayarwa," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "In yaro ya ce babansa ne ya aiko shi, rantsar da shi zan yi?" Ya juya wajen wani mai sayen igiya.

Da rana mai yadin ta zo karɓar ɗinkinta, an yanka amma ba a ɗinka ba. Malamar asibiti ce, doguwa marar yawan magana. Maman Auta ta ba ta haƙuri, sannan ta kewaya ta kewaya ta ce akwai 'yar wata ƙawarta da ke shaƙar tina, ko da wani magani da ake sha a gida?

Matar ta dube ta, ta dubi gwangwanin tinar da ke kan tebur kusa da rokar.

"Ki gaya wa ƙawar taki abin nan ba ya ba da sanarwa. Yaro na shaƙa yana dariya, zuciya ta tsaya cak. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Muna da sashen da ke duba irinsu ranar Talata da safe. Ta zo da ita, uwa da uba tare, don likitan yana son ganin duka biyun." Ta saɓa jakarta. "Ɗinkin kuma ba sauri nake ba."

* * *

Maman Auta ta sami maigidan yana goge tsinin kan rokar da samfefa, takardar nan mai kaushi, a hankali, yana hure garin. Ta rufe ƙofa ta faɗa masa komai: tankin, ledar, ƙyallen, shagon, da abin da malamar asibiti ta ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye samfefar.

"Teburinki kike so. Ki faɗa kawai in ba ki, ba sai kin ɓata min 'ya ba."

"Da idona na gan ta."

"Kin gan ta da ƙyalle. Wanda ke wanke burushi ai dole a gan shi da ƙyalle."

"A cikin leda? A hanci? Da bakinta ta faɗa min."

"Kin tsare ta kin tsorata ta, me kike so ta ce? Ni na san halinki in kin tasa mutum a gaba." Ya nuna rokar da yatsa. "Yarinyar nan shekara guda ba ta yi min magana ba. Yanzu ta san sunan kowane sashe na wannan abin. Shi ne ya tsone miki ido."

Takaici ya cika ta. Da ƙyar ta ce, "To ka kulle gwangwanin. Shi kaɗai na roƙe ka."

"In na kulle, na ce mata ɓarauniya kenan. Tsaya ki ga yadda masu aiki ke yi."

Ya ɗauko wani siririn tsinken katako, ya tsoma cikin gwangwanin har ƙasa, ya zaro, ya tsaga alama da reza daidai inda jiƙon ya tsaya. A gareji haka yake yi, in ji shi, kuma shekara talatin da biyar babu wanda ya taɓa ɗibar masa tina bai gane ba. Farin fenti an riga an gama, ja sai ranar Lahadi, saboda haka ba mai taɓa gwangwanin kafin nan.

"Kwana uku. In ya ragu ko da faɗin farce ne, ki faɗa min duk abin da ya zo bakinki."

"Kwana uku na ran 'yarka za ka bayar don ka ci gardama?"

"Don in wanke ta."

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma Auta na dawowa daga makaranta ya kira ta, yana fara'a, ya nuna mata tsinken da alamar, ya ce, "Injiniya, zo ki ga abin da mamanki ta sa ni yi. Wai zarginki take. Bari mu ba ta kunya." Maman Auta tana bakin ƙofa, ta rasa ko ta yi kuka ko ta rotsa masa dutsen guga. Ta ɗauke gwangwanin ta ɓoye a bayan buhun shinkafa, ya bi gidan da faɗa har ya gano shi, ya mayar kan tebur ya ce an ɓata masa awo.

Ta zama 'yar gadi a gidanta. Ta caje jakar makaranta, ta ɗaga katifa, ta zauna a ɗakin ɗinki tana yanka a ƙasa kan tabarma, bayanta na ciwo. Amma dole ta shiga kicin, dole ta je kasuwa, kuma gidan ƙofa biyu gare shi. Kowace yamma Mai-Fenti yakan kira ta da babbar murya, ya tsoma tsinkensa, ya zaro ya kai mata har gaban ido. Juma'a, daidai alama. Asabar ta karɓi tsinken ta duba a hasken taga, ta ga jiƙon ya ɗan haura alamar.

"Baban yara, tinar taka haihuwa take yi?"

"Teburinki ne ba shi da daidaito," in ji shi. "Na daɗe da lura."

* * *

Lahadi da hantsi ya fito da ɗan injin iskarsa tsakar gida, wanda ya hana a sayar lokacin da ya bar gareji. Ya rataye rokar a igiyar shanya da waya. Maman Auta ba ta so ta yaba, amma abin ya yi kyau: fari tas, sumul, babu ko alamar inda aka haɗa fiffike da jiki. Ya naɗe rabin ƙasa da takarda don kada ja ya taɓa shi, ya ɗaura tsohon takunkuminsa, ya ba Auta sabo.

"Injiniya, matso. Yau za ki ga abin da ya sa masu manyan motoci ke jirana wata guda."

Ya girgiza gwangwanin tina kamar yadda hannunsa ya saba, ya tsiyaya cikin jan fentin, ya motsa, ya juye a kofin bindigar feshi. Injin ya ɗauki ƙara. Ya ja hannu daga hagu zuwa dama, sau ɗaya, sau biyu, kafaɗarsa a sake kamar shekaru ba su taɓa shi ba.

A karo na uku bindigar ta yi tari ta tofar. Ya tsaya. A jikin rokar wasu ƙananan ƙuraje suka fara tasowa cikin jan, ɗaya bayan ɗaya, wasu suna fashewa suna barin rami, fentin yana zarara ƙasa yana bin takardar. Ya cire takunkumin ya matsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya daɗe a haka.

"Kawo min kofin gilashi," ya ce wa matarsa, ba tare da ya juyo ba.

Ta kawo. Ya tsiyaya abin da ke cikin gwangwanin, ya ɗaga kofin sama wajen rana ya jira. A hankali abin ya rabu gida biyu, tina a sama siririya, ƙasa kuma wani abu mai nauyi da ya fi rabin kofin.

"Ruwa," in ji shi.

Bai tambayi kowa ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana feshi ya san tina ba ta haɗuwa da ruwa, ya kuma san ruwa ba ya shiga rufaffen gwangwani da ƙafarsa. Wanda ya ɗiba ne ya cika gurbin daga famfo, don tsinke ya nuna daidai. Ya juya ya dubi Auta. Tana tsaye da sabon takunkuminta, ido kawai ake gani.

"Baba..."

Ya sunkuya ya kashe injin. Tsakar gidan ta yi tsit.

Kwana uku Maman Auta tana tara maganar da za ta faɗa masa a wannan lokacin, ta jera ta tsaf, har da inda za ta tsaya ta ja numfashi. Da lokacin ya zo sai ta ga bayansa ya ranƙwafa, kofin na nan a hannunsa, tausayinsa ya kama ta duk da haushin da take ji. Ta karɓi kofin kawai ta zubar a magudana.

* * *

Ta ɗauka an gama gardama. Ranar Litinin ta ce masa gobe ƙarfe takwas za su fita.

"Asibitin nan," in ji shi, yana kallon bango, "su wa ke zuwa?"

"Masu irin damuwarmu."

"Matar nan ta san mu. Cikin masu share wurin ma wani zai san mu. Kafin sati a ji a unguwa 'yar Mai-Fenti tana shaƙe-shaƙe, kuma da tinar ubanta. Yarinya ce mace, wannan suna ba ya goguwa."

"Gara a ji tana asibiti da a ji ta faɗi a bayan tanki."

"Na zubar da gwangwanin. Zan yi mata magana da kaina."

"Shagon bakin titi ma ka zubar da shi? Tun jiya ko kallonta ba ka yi ba, da wane bakin za ka yi maganar?"

Ya tashi ya bar mata ɗakin.

Talata da safe ta shirya, ta sa Auta ta shirya. Yarinyar ba ta yi musu ba, ta sa doguwar rigarta ta zauna a falo da hannuwa a cinya. Maman Auta ta fito masa da rigarsa mai kyau, ta goge, ta shimfiɗa a kan gado. Takwas saura kwata ta leƙa ɗakin ɗinki. Yana zaune da singileti a teburin yankanta, rokar kwance a gabansa, yana kankare jan fentin da samfefa. Jan gari ya rufe jaridun, ya hau gashin hannunsa.

"Baban yara, an ce uwa da uba."

"Ku yi gaba. In na bar wannan ya ƙara kwana zai ci har kwalin." Ya hure garin, ya shafa wurin da babban yatsa. "In aka kankare da wuri aka sake shafi biyu, ba wanda zai gane an taɓa samun matsala."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Ta gaji da faɗa, ta gaji har ƙashinta. Auta ta zo ta tsaya a bayanta a bakin ƙofa.

"Baba, mun tafi."

Hannunsa ya ɗan tsaya. Bai ɗago ba, bai kuma ce Injiniya ba.

"A dawo lafiya."

Suka ratsa tsakar gida, suka wuce ƙarƙashin igiyar shanya inda wayar ke rataye har yanzu da ɗigon ja a jikinta. A bakin ƙofar gida Auta ta tsaya, ta riƙe ƙyauren a buɗe, ta juya tana kallon ciki.

"Mama, mu ɗan jira. Wataƙila riga yake sawa."

Maman Auta ta dubi agogo, ta ba shi minti biyu. Babu abin da ke fitowa daga cikin gidan sai ƙarar samfefa a kan kwali, tana tafiya tana dawowa. Ta zare hannun yarinyar daga jikin ƙyauren, ta riƙe shi cikin nata, ta ja ƙofar da ɗaya hannun.